Satiru: Garin da Aka Shafe Don Ramuwar Gayya

 Ina gaida mutanen Kudan da Hunƙuyi da Likoro, ina gaida na Maƙarfi da Gimi, da na Ikara da Paki, da duk wadda ta jingine rediyonta a bakin murhu ko a gefen tabarma tana ɗinkin hula tana saurare. Sannunku da aiki.

Yau tarihi za mu taɓa, kuma ba mai daɗin ji ba ne. In akwai ƙaramin yaro kusa da ke, uwargida, ki ba shi aike ya ɗan fita. Maganarmu a kan wata ɗabi'a ce ta sojan da suka ci ƙasa da yaƙi suka zauna a cikinta. Idan aka taɓa musu mutum ɗaya, ba sa tsayawa binciken wanda ya yi. Garin da abin ya faru kusa da shi za su ɗora wa laifin, da wanda ya sani da wanda bai sani ba, da tsohuwa mai dogara sanda da jaririn da ke goye. Bahaushe ya ce wake ɗaya ke ɓata gari, to shi garin tuwo yake nufi. Su waɗannan garin mutane suke ɓatawa saboda wake ɗaya. An yi haka a ƙasar Girka lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma za mu je can. Amma shekara 35 kafin a fara yi a Girka an yi a ƙasar Hausa, a wani gari da ake kira Satiru, kudu da Sakkwato.

Bari mu taso daga ƙofar gida, don ki gane yadda ƙasar take a lokacin. A 1902 Turawan Ingila suka kafa sansani a Zariya. Sarkin Zazzau Muhammadu Kwasau shi ya nemi taimakonsu da farko, saboda Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora ya addabi ƙasarsa da hari. Ba a daɗe ba suka kama shi shi ma, suka tuɓe shi, suka naɗa Aliyu Ɗan Sidi, shi kuwa Kwasau a Lakwaja ya ƙare kwanansa. Ran 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da soja wajen 700, da igwa da bindiga mai ruwa, ya nufi Kano. Ta arewacin Zazzau suka ratsa, wato ta wannan ɓangare namu na masu rake da mazarƙwaila. A Bebeji aka rufe musu ƙofa, suka fasa ta da igwa, sarkin garin ya rasu a nan tare da mutanensa da dama. Ran 3 ga Fabrairu Kano ta faɗi, ran 15 ga Maris Sakkwato ta biyo baya. Sarkin Musulmi Attahiru na farko ya yi hijira gabas, jama'a mai ɗimbin yawa ta bi shi, maza da mata, har Turawa suka cim masa a Burmi cikin watan Yuli, ya yi shahada a can. Gwamna Lugga kuwa tuni ya naɗa wani, Muhammadu Attahiru na biyu.

Ga wani abu da ya kamata ki riƙe. Sojan nan da ake cewa na Turawa, kusan duk baƙar fata ne, galibinsu Hausawa da Yarabawa. Turawan da ke ba da umarni 'yan ƙalilan ne, a lardi guda kina iya ƙirga su da yatsun hannu. Mutanen da ba su da yawa, suna mulkin miliyoyin jama'a, ai a kan kwarjini mulkinsu ya tsaya. Sun san ranar da talaka ya kashe Bature ya koma ɗakinsa ya kwana lafiya, gobe kowa zai gwada. Wannan tsoro shi ne tushen duk abin da za ki ji.

Satiru gari ne mai nisan kamar mil 14 daga Sakkwato, wajen Dange. Ba garin masu sarauta ba ne. Malamai ne talakawa da almajiransu, da manoma, da kuma bayi masu yawa da suka gudo daga gandayen manya suka sami mafaka a can. An ƙiyasta mutanen garin sun kai 5,000. Ba sa son biyan haraji, ko ga Bature ko ga basarake. A wa'azinsu zuwan Nasara alama ce ta ƙarshen zamani, kuma sarakunan da suka karɓi sanda daga hannun Nasara sun saki hanya. A 1904 mai garin ya ce shi ne Mahadi. Sarkin Musulmi ya sa aka kamo shi, ya rasu a tsare kafin a kammala shari'arsa. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi, mabiya suka ɗauka shi ne Isan da aka ce zai biyo bayan Mahadi.

Ana nan sai ga baƙo daga ƙasar Faransi. Wani malami ne Bazabarme mai lalurar ido, Malam Shu'aibu, wanda aka fi sani da Ɗan Makaho. A ƙarshen 1905 shi da mutanensa sun yi wa Faransawa bore a Kobkitanda, yankin Doso, aka murƙushe su, ya tsallako iyaka ya sauka a Satiru. Zuwansa ya ƙara wa wutar iska. Bayan babbar salla, cikin watan Fabrairu 1906, mutanen Satiru suka far wa maƙwabtansu na Tsomau saboda sun ƙi bin su, suka kashe mutane, suka ƙona gidaje. Na faɗi wannan ne don kada wata ta ɗauka Satirawa ba su da alhakin kowa. Matan Tsomau ma sun yi kuka, kuma ba Bature ne ya sa su ba.

Labari ya isa Sakkwato. Razdan Burdon ya riga ya kama hanyar tafiya hutu, mai riƙe masa kujera, Mista Hillary, ya ɗauki abin da sauƙi. Ran 14 ga Fabrairu ya fita da mataimakinsa Scott, da likita, da Laftanar Blackwood da sojan doki wajen 70, da niyyar kamo shugabannin. Da suka kusa gari Hillary ya wuce gaba don ya yi magana da mutane. Sai jama'a suka fito a guje, da fartanya da gatari da kwari da baka. Blackwood ya ga Razdan yana cikin haɗari, ya motsa sojansa kafin su gama jeruwa, dawaki suka firgita, sahu ya watse. Kafin a ce kwabo an kashe Hillary da Scott da Blackwood, da soja baƙar fata 25. Likitan ya sha da rauni. Bindiga mai ruwa, wadda ake taƙama da ita, ko harba ta ba a samu yi ba, Satirawa suka ɗauke ta. Shi ma Malam Isa ya sami raunin da ya zama ajalinsa, ragamar gari ta koma hannun Ɗan Makaho.

Tun da Turawa suka shigo Arewa ba su taɓa shan kashi irin wannan ba, kuma a hannun masu fartanya. Lugga yana Zungeru, yawancin sojansa sun tafi ƙasar Tibi wani yaƙin. Turawan da suka rage a Sakkwato ba su da abin kare kansu. A 'yan kwanakin nan, da Sarkin Musulmi ya ɗaga yatsa, da ba a san inda abin zai tsaya ba. Bai ɗaga ba. Ya tsaya tare da Burdon, wanda ya juyo da gaggawa, haka ma Marafa Muhammadu Maiturare da sauran manyan Sakkwato.

Me ya sa? Mutane sukan yi saurin cewa tsoro ne, kuma akwai shi, don wanda ya ji abin da ya faru a Burmi shekara uku da suka wuce ba zai yi wasa da igwa ba. Amma ba tsoro kaɗai ba ne. Wanda ya ce Mahadi ya bayyana, ai cewa ya yi sarautar gidan Shehu ta ƙare. Sannan bayin da suka cika Satiru daga gonakin wa suka gudo? Daga gonakin masu faɗa a ji a Sakkwato. Wato garin nan ƙaya ne a ƙafar Bature, ƙaya ne kuma a ƙafar basarake, shi ya sa hannu biyu suka haɗu wajen cire ta.

Aka yi kusan wata guda ana tara soja daga Kano da Zungeru da sauran barikoki, har suka haura 500 a ƙarƙashin Manjo Goodwin, ga kuma mahayan Sakkwato. Ran 10 ga Maris 1906 suka isa Satiru. Wannan karon sun jeru sosai, murabba'i, bindiga ta kowace fuska. Mazan gari suka fito kamar yadda suka yi a farko, suka yi ta kawo hari ana zubar da su, su koma su sake dawowa. Mai gatari yaya zai yi da bindigar da ke aman harsashi ɗaruruwa a minti ɗaya? Cikin 'yan sa'o'i faɗa ya ƙare. A ɓangaren Turawa 'yan raunuka kawai aka samu.

To daga nan ne abin da ya sa muka ɗauko labarin ya fara. Yaƙi ya ƙare, amma kisa bai tsaya ba. Soja suka kutsa cikin gari, aka cinna masa wuta, mahaya suka bi waɗanda suka gudu cikin daji da gonaki. Masana tarihi sun ƙiyasta an kashe mutum wajen 2,000. Ki lissafa da kanki: Turawa 3 da soja 25, an biya su da rai 2,000. Aka kama Ɗan Makaho, aka yi masa shari'a a gaban alƙalan Sarkin Musulmi, aka kashe shi da wasu manyan mabiyansa a kasuwar Sakkwato a bainar jama'a. Aka rushe abin da wuta ta rage na garin. Sarkin Musulmi ya tsine wa duk wanda ya sake yin gini ko noma a wurin. Satiru ta zama kufai.

Saura mata da yara. Wajen 3,000 aka kora zuwa Sakkwato. Watan Maris ne fa, bazara ta kama, kin san ranar ƙasar Sakkwato. Ki auna macen da da safe ta dama wa mijinta fura, da azahar ba miji, ba ɗa namiji da ya tasa, ba ɗaki, ba rumbu, ga goyo a baya ga wani a hannu, ana tura ta gaba. Wata ma ko sau ɗaya ba ta taɓa jin wa'azin Ɗan Makaho ba, aure ne kawai ya kai ta garin. Wa ya shawarce ta ranar da za a fita yaƙi? Ku da ke cikin gida kun fi kowa sanin yadda ake yanke magana a zaure, sai dai mace ta ji sakamako. Masana biyu da suka bi takardun wancan zamani, Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, sun nuna a rubutunsu na 1990 cewa da yawa daga cikin matan nan da yaran an rarraba su ne ga gidajen masu sarauta. A taƙaice an mayar da su bauta, alhali wasunsu bautar suka gudo wa tun farko.

Abin da ya fi ba ni takaici a nan shi ne, babbar hujjar da Lugga ya kafa ta cin ƙasar nan ita ce wai zai hana bauta. Tun 1901 ya yi doka cewa duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne, ba bawa ba, kuma an hana kama mutane ko sayar da su. Har gidan kula da 'yantattun bayi aka buɗe a Zungeru. Amma da buƙata ta zo ta saka wa waɗanda suka taimaka, sai aka kau da kai daga dokar. Matan Satiru suka zama tukwici.

Ko a Ingila ba kowa ne abin ya kwanta masa ba. Winston Churchill, wanda daga baya ya shugabanci ƙasar a yaƙin duniya na biyu, a lokacin ƙaramin minista ne a ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka. A daidai wannan wata gwamnatinsu tana matsa wa Turawan Natal, can Afirka ta Kudu, a kan hukuncin kisa da suka yanke wa baƙar fata 12. Da rahoton Satiru ya iso gabansa sai ya rubuta a jikin takardar yana tambaya da wane ido za su tsawata wa Natal, alhali a ƙarƙashin ikonsu kai tsaye an ƙarar da taron mutanen da kusan ba su da makami. Maganar ta tsaya a cikin fayil. Ba a hukunta kowa ba. Lugga ya bar Arewa a shekarar, aka ba shi gwamnan Hong Kong, ya dawo a 1912, shi ne kuma ya haɗe Kudu da Arewa a 1914. Sarkin Musulmi aka ba shi lambar girma ta Ingila. Sarkin Gwandu na lokacin, da aka zarga da karkata ga Satirawa, aka tuɓe shi. Marafa Maiturare ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Farfesa Adeleye na Jami'ar Ibadan, da ya yi nazarin lamarin, a kan takardarsa ma ramuwa ya kira abin da Turawa suka yi.

Kada ki ɗauka fushi ne kawai ya kwashe su. Wata guda suka yi suna shiri, fushi ba ya kai haka bai huce ba. Lissafi ne. Ana so labarin ya isa Kano da Katsina da Zariya da Bauci, mai niyya ya ji ya fasa, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kuma ya yi musu aiki, don bayan 1906 ba a sake yi musu babban bore da makami a masarautun Hausa ba. Daga baya ma sai suka mayar da abin doka, wadda ta ba gwamna ikon cin gari ɗungurungum tara saboda laifin wasu 'yan kaɗan a cikinsa.

Yanzu mu leƙa Girka. Ƙasa ce a kudu maso gabashin Turai, mai duwatsu da tsibirai, mutanenta na karkara manoma ne da makiyayan tumaki da awaki. A 1941 sojan Jamus na Hitila suka mamaye ta, tare da na Italiya da Bulgeriya, suka zauna har 1944. Samari suka hau duwatsu suna yaƙin sari-ka-noƙe. Tun a watan Satumba 1941 hedkwatar sojan Jamus ta ba da umarni a rubuce ga ƙasashen da suka mamaye, cewa a kan kowane sojansu ɗaya da aka kashe a kashe mutum 50 zuwa 100. Kin ji lissafin Satiru, sai dai nasu har hatimi aka buga masa.

A tsibirin Kirit akwai wani gari Kandanos. Mutanensa sun tare wa Jamusawa hanya lokacin da suka sauko da laima. Ran 3 ga Yuni 1941 soja suka zo suka kashe mutum wajen 180, suka karkashe dabbobi, suka ƙone garin ƙurmus. Suka kafa alluna da Jamusanci da Girkanci, an rubuta cewa an rushe garin ne don ramuwar sojan Jamus 25, kuma ba za a sake gina shi ba. Soja 25, da haramta sake gini. In ba don an faɗa miki sunan ƙasar ba, ai sai ki ce labarin ɗazu ake maimaitawa.

Wanda ya fi shahara shi ne na Kalabrita. 'Yan sari-ka-noƙe sun kama sojan Jamus wajen 80 a watan Oktoba 1943, daga baya suka kashe su. Ran 13 ga Disamba soja suka tara mutanen garin duka a makarantar firamare. Aka ware maza da samarin da suka fara tasawa, aka kai su wani fili a gefen tudu, aka buɗe musu bindiga mai ruwa. Kusan 500 suka mutu a wurin, 13 kacal suka rayu a ƙarƙashin gawawwaki. In aka haɗa da ƙauyukan kewaye adadin ya kusa 700. Mata da ƙananan yara an kulle su a cikin makarantar, gari yana cin wuta, hayaƙi ya turnuƙe su, da ƙyar suka fasa suka fito. Da suka hau tudun suka tarar da abin da suka tarar, ba namiji ko ɗaya mai haƙa kabari. Lokacin sanyi ne, ƙasa ta daskare, kayan aiki sun ƙone. Su suka riƙa jan mazansu da 'ya'yansu a cikin barguna zuwa maƙabarta, su suka tona da abin da suka samu, har da hannu. Kuma su suka sake tada garin, suka reni marayu. Agogon cocin garin ya tsaya a kan ƙarfe 2:34 na ranar, aka bar shi a haka. Makarantar nan an mayar da ita gidan tarihi.

Wata shida bayan haka, ran 10 ga Yuni 1944, aka yi na Distomo, inda aka bi gida gida aka kashe mutum fiye da 200, har da jarirai da mata masu ciki. 'Ya'yan waɗanda aka kashe ba su bar maganar ba. A 1997 wata kotun Girka ta ce Jamus ta biya su diyya, babbar kotun ƙasar ta tabbatar a 2000, amma gwamnatinsu ta ƙi sa hannu a ƙwace kadarorin Jamus. Shari'ar ta bi ta Italiya har ta kai Kotun Duniya da ke Heg, wadda a 2012 ta ce kotun wata ƙasa ba ta da ikon hukunta wata ƙasa a irin wannan. Ba su sami kuɗin ba. Abin da aka samu shi ne shugabannin Jamus sun riƙa zuwa da ƙafarsu: Johannes Rau ya je Kalabrita a 2000, Frank-Walter Steinmeier ya je Kandanos a 2024 ya nemi gafara a gaban jikokin mamatan. Eh, Kandanos ɗin da aka ce ba za a sake ginawa ba. An gina shi, kuma kwafin allunan nan suna nan a garin don mai zuwa ya karanta.

Nan ne hanyar Girka da ta Satiru suka rabu. Jamusawa an kore su bayan shekara uku da 'yan watanni, waɗanda suka tsira suka koma kan tokar gidajensu, suka rubuta sunayen matattu a jikin dutse ɗaya bayan ɗaya. Turawan Ingila kuwa sun ƙara shekara 54 suna mulki bayan Satiru, su ke rubuta littafin da ake karantawa a makaranta, kuma gidajen da aka kai matan su ne gidajen da ke riƙe da gari. Macen da ke zaune a irin wannan gida, wa za ta ba labari, kuma da wace murya? Shi ya sa in aka zo maganarsu a littattafai sai dai a ce 3,000.

Irin abin da aka gani a Girka da sauran ƙasashen Turai shi ya sa a 1949 ƙasashen duniya suka sa hannu a yarjejeniyar Janiba ta huɗu, wadda sashe na 33 a cikinta ya hana a hukunta farar hula a kan laifin da ba shi ya aikata da kansa ba, ya kuma hana ramuwa a kansu ko a kan dukiyarsu. Mu ma a shari'ar Musulunci tun asali an hana kashe mata da yara a fagen yaƙi, kuma laifin wani ba ya hawa kan wani. Sai dai rubuta doka daban, bin ta daban. A ƙasar nan tamu, da mulkin kai da komai, a watan Nuwamba 1999 soja sun rushe garin Odi a jihar Bayelsa bayan an kashe 'yan sanda 12. A watan Oktoba 2001 aka kashe soja 19 a jihar Binuwai, aka je Zaki Biyam da garuruwan kewaye aka kashe fararen hula fiye da 200. Mutanen Odi sun kai ƙara, a 2013 babbar kotun tarayya ta ce a biya su diyyar naira biliyan 37.6.

Akwai wata baiwar Allah da nake so ku san da ita, don tamu ce, kuma matar kulle ce. Ana kiranta Baba ta Karo. Ta yi rayuwarta tsakanin Karo da Zarewa da Giwa, nan kan iyakar Kano da Zazzau, ba nisa da mu. A 1949 da 1950, tana tsohuwa, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, ta ba ta labarin rayuwarta tun daga zamanin hare-haren kama bayi har zuwan Turawa, da yadda bayin gidansu suka watse bayan an yi doka. Aka buga littafin a 1954, ita kuwa ta rasu tun 1951. Ba ta yi boko ba, amma masu digiri a jami'o'in duniya da maganarta suke kafa hujja in suna son sanin yadda wancan zamani ya kasance a cikin gida, bayan zaure. Waɗanda suka ga wucewar sojan Morland da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, amma akwai tsofaffi a Likoro da Kudan da Paki da kakanninsu suka ba su labari baki da baki: ina aka ɓoye hatsi, wa aka kama ɗaukar kaya, wace rijiya aka gudu aka bari. In kina da irin wannan tsohuwa a gida, ki zauna kusa da ita bayan sallar isha ki tambaye ta, 'yarki mai zuwa makaranta ta rubuta, da sunan mai ba da labarin da sunan garin.

Mako shida da 'yan kwanaki bayan an ƙone Satiru, a ƙarshen watan Afrilu 1906, Lugga ya tura runduna Haɗeja, inda Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka yi faɗa har cikin gidan sarki, ya rasu tare da 'ya'yansa da manyan fadawansa. Wannan shi za mu ɗauko mako mai zuwa in Allah ya kai mu.